Na Ɗiga Wa 'Yata Abin Da Ba Magani Ba

Ni ne na yi laifi, ba na ɗora wa kowa. A lokacin ina masinja a wani ɗakin gwajin jini a Talata Mafara, ni ke shara, ni ke kula da firji. Karatuna bai wuce firamare ba. Ina da 'ya da aka haifa babu zoben nan da ke kewaye ƙwayar ido. Idonta rawa yake yi, rana kuwa azaba ce gare ta, kullum hannunta na kan goshi. Mun kai ta asibiti, mun kai ta wurin malamai a Maradun, ganin sai raguwa yake.

Sai wata likita 'yar Bakura, mai bincike kan irin wannan ciwo, ta kawo wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba, ta ce in ajiye mata a firji kafin ta wuce da ita jami'a. Na tambaye ta mene ne, ta ce sinadarin garkuwa ne da aka samo daga jinin zomo, da shi suke bin sawun ƙwayar halittar da ke gina ido tun yaro yana ciki. Ni garkuwa kawai na ji, da ido. Raina ya ce ga kariyar idon 'yata a hannuna, ana shirin kai ta inda talaka ba ya shiga. Ban sake tambaya ba, don ina tsoron a ce a'a.

Na zuƙe ruwan da wani tsohon sirinji, na zuba ruwan famfo a madadinsa. A gida na kwantar da 'yata a cinyata na ɗiga mata a idon dama, wanda ya fi gani. Ta ce da zafi, na ce maganin ne ke aiki. Washegari idon ya kumbura, ya fara ruwa. Uwarta ta yi ta roƙona mu tafi asibiti, na yi ta cewa a bari zuwa gobe, saboda na san za a tambayi abin da aka sa. Har yarinyar ta daina buɗe idon.

Da na ga zan makantar da ita, na kira likitar ina kuka na faɗi komai. Ba ta zage ni ba. Ta ce, “Baba, ai wannan ba ya warkar da kowa. Alama yake sawa a kan gilashin gwaji, mu duba da madubin likita. Kawo ta yanzu.” An ce ƙazantar sirinjin ce ta ci idon, jinkirina kuma ya ƙarasa. Hakiya ta rufe shi. Aikin likitar ma ya tsaya, aikin da ake yi domin yara irin 'yata.

'Yan'uwa, ba duk abin da ke cikin firjin asibiti ne magani ba. In kun ji kalma ba ku gane ba, ku sake tambaya, in kun yi ɓarna kada tsoron asirinku ya hana ku kai yaro asibiti.

Na daɗe ina barin 'yata ta ɗauka ciwon ne ya ci idon. Bana, tana lalube tana neman takalminta a ƙofar ɗaki, na durƙusa a gabanta na ce, “Uwata, ba ciwo ba ne ya rufe miki idon nan, ni ne, da hannuna. Don Allah ki yafe mini.”