Abin da Ipoh Ta Tuna Mini na Shagon Babanmu

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwar Sri Petaling za mu garin Ipoh, ni da abokaina biyu, a wata tsohuwar mota da muka ara. Hanya sumul, gonakin kwakwar manja dama da hagu. Mun tsaya wani mamak, wato ɗan gidan abinci na bakin hanya, muka karya da roti, wainar fulawarsu, da shayi, kuɗin bai kai na lodin waya ba. Wajen ƙarfe tara duwatsun Ipoh suka bayyana.

Ni ɗan Jos ne, sai na ji kamar na doshi gida. Ashe su ma garin kuza ne. Da haƙar ta mutu, tsakiyar garin ya bi ta, sai daga baya 'ya'yan masu shaguna suka dawo suka gyara. Ba su rushe ba. Fenti suka yi, suka bar tagogin katako, suka zana hotuna a bango. Lungun da bai fi faɗin tabarma biyu ba, mutane maƙil.

Mun sha farin kofinsu a shagon wata Bamalayiya da ta ajiye aikin banki ta buɗe wurin mahaifinta. Kujerunsa ne har yau, ɗaya ma tana rawa. Abin ya burge ni. Nan take na ɗora hotuna a waya na rubuta cewa waɗannan su ne suka san darajar gadonsu, mu kuwa sai zubarwa. Har da jin kaina wani malami.

Muna cikin cin shinkafa da kaza saƙon ƙanwata ya shigo. Wata biyu ke nan ba ta yi mini magana ba. Tun rasuwar Baba take son buɗe shagon ɗinkinsa da ke tsohuwar unguwarmu, ni kuma na hana. Na ce mai digiri ba ta zama a wannan kangon, a sayar kawai. Ga abin da ta rubuto: "Yaya, na ga hotunan. Ashe na wasu ne ke da kyau."

Wallahi abincin nan bai ƙara wucewa ba. Abokaina suna ta tsokanata wai yaji ne ya kama ni, na bar su a haka. Kunya ce, irin wadda ban taɓa ji ba. Na goge rubutun, amma ai ta riga ta karanta.

La'asar sakaliya muka iso gida, ban ko cire takalmi ba na kira ta. Tafiyar ta nuna mini na iya yabon abin mutane, nawa ne nake rainawa, kuma haka na faɗa mata. Na ce ta yafe mini, ta buɗe shagon, na amince.

Ina jin ƙarar keken ɗinki ta bayanta.

"Yaya, ai yau sati uku da buɗewa," in ji ta. "Mama ce ta ce kada a faɗa maka."