Bais ɗin Baba Mai Makullai

Har yau in na hau saman benenmu a unguwar Safa na ga bais ɗin nan, sai in ji kunya ta rufe ni.

Ba nawa ba ne. Na wani dattijo ne, abokin marigayi mahaifina, wanda ya yi shekaru yana yanka makullai a wani lungu a Sharafiyya. Ya zo umra ne tun yana da ƙarfinsa, bai koma ba. Idonsa ya yi rauni sosai, amma aikinsa bai taɓa kuskure ba, kuma da wannan bais ɗin, ƙarfen da ake matse makulli a bakinsa a yanka, yake cin abinci. Shi ma a gwanjo ya saye shi. Da aka rushe ginin da yake raɓe, sai ya kawo mini ajiya kafin ya sami wani wuri.

Ni kuwa a lokacin na kafa ɗan wurin aiki a saman bene, da tebur da kayan aiki sababbi fil, waɗanda ban iya komai da su ba sai gogewa. Ma'aikacin ofis ne ni, amma ina ji da kaina. Na dubi bais ɗin, duk tsatsa, sandar juyawa tana kuka, bakinsa cike da tsaga-tsaga kamar haƙoran tsohuwa. Na ce bari in yi wa Baba abin mamaki.

Na kwance shi, na jiƙa a kananzir kwana uku, na kankare, na shafa giris. Da a nan na tsaya, da na yi abin kirki. Sai na ɗauko injin gurza ƙarfe na bi ta kan bakin, na share tsagogin nan tas, har ina ganin fuskata a jiki. Na yi masa shuɗin fenti, na ɗauki hoto na tura wa abokai.

Bayan wata biyu Baba ya sami kusurwa a wani shago a Ruwais. Na ɗauko shi a mota bayan la'asar, ina ta rawar kai, na riƙe masa hannu har saman bene.

"Baba, taɓa ka ji," na ce.

Ya juya sandar, ya yi murmushi. "Ma sha Allah, ya daina kuka." Sannan ya ɗora yatsa a bakin. Ya bi shi daga wannan gefe zuwa wancan, ya dawo, ya sake bi.

"Ɗana, ina guraben?"

"Waɗanne gurabe, Baba? Cin tsufa ne, na gyara."

Ya ce shi ya yanka su da magagari, ɗaya bayan ɗaya, tun idonsa na gani. Kowane irin makulli da gurbinsa: na ƙofa, na kwaɗo, na akwatin alhazai. Yatsansa ke gaya masa inda zai dasa makulli da inda zai fara yanka.

Gumi ya karyo mini. Na ce zan sake yanka su yanzu-yanzu, ya nuna mini wuraren kawai.

"Da me zan nuna maka?" ya ce, ba faɗa. "Da su nake ganewa."

Na sunkuya zan kwance bais ɗin daga tebur in kai masa mota. Ya dafa kafaɗata.

"Halas, shi ke nan, bar shi. Ka sha wahala a kansa, Allah ya yi maka albarka. Yalla, mu je, kai ni in ba mai shagon haƙuri, ya nemi wani."