Kyautar da ta tsaya a asusu

Ina da shekara hamsin da biyu na fara koyon karatu, a wani ɗaki a saman shagon kayan miya a unguwar Sparkhill, a ƙasar Turawa. Da safe ina goge ƙasa a babban asibitin Edgbaston, ranar Talata da yamma kuma in riƙe fensir. A shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, hukumar birnin ta daina biyan hayar ɗakin. Malamarmu, wata Baturiya mai furfura, ta ce in ba a samu mai ɗaukar nauyi ba, za a rufe ajin.

Ni na kawo maganar wani ɗan garinmu, babban likita a Manchester. Cocinsu na bikin godiya, ya ce in zo. Na hau jirgin ƙasa da takardar neman taimako da na yi mako uku ina rubutawa, na karanta ta a gaban jama'a ina tuntuɓe. Ya tashi ya rungume ni.

"Ɗan'uwa, bana na fitar da kuɗi masu yawa saboda ilimi. Ajinku na cikin raina."

A gida, idan babba ya faɗi haka a bainar jama'a, magana ta ƙare. Na dawo na ce wa malama ta bar wahalar cike takardun neman tallafi daga wani wuri.

"Ka tabbata?" in ji ta.

"A gaban coci ya faɗa."

Ta ajiye su, wa'adinsu ya wuce.

Wata uku shiru. Na buga masa waya, ya ce ai tuni ya bayar, kuɗin na asusu. Malama ce ta bi diddigi ta fahimtar da ni. Akwai ƙungiyoyin agaji da ke buɗe wa masu hali asusu. Ranar da mutum ya zuba kuɗi, ranar ya samu rangwamen haraji, kuma kuɗin sun bar hannunsa. Amma ba sa motsi sai ya nuna wanda za a ba, kuma babu ranar da aka yanke masa. Ƙungiyar ta ce mai asusun bai ambaci ajinmu ba.

Na sake komawa Manchester. Ya ba ni shayi a falonsa.

"Yallaɓai, kalma ɗaya suke jira daga bakinka."

"Haba, ɗan'uwa. Irin wannan kuɗi akan bar su su haihu tukuna. Kai ai ka iya karatu, ba ni na ji ka ba?"

Na ajiye kofin shayin na tashi. Bai yi ƙarya ba, shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Talatar da muka tarar da ƙofar ajin a kulle, akwai takarda manne a jikinta. Wata dattijuwa 'yar ajinmu, wadda ta fara rubuta sunanta a watan, ta ja hannun rigata.

"Baba, me suka rubuta?"

Na karanta mata duka, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.