Ranar da Zakari Mai Niƙa Ya Kai Ƙasa

Duk wanda ya tashi a Tsibiri ya san labarin ranar da Zakari ya ɗaga Toma sama a filin kokowa, ya maka shi da ƙasa har ƙashin kafaɗarsa ya ce ƙas. Toma bai ƙara ɗaga hauya da hannun dama ba. Zakari kuwa shekara tara ya yi yana kokowa gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba, kuma ba ya bari a manta. Zuciyarsa a kusa take, hannunsa ya fi bakinsa sauri.

Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya koma Maradi, ya kafa injin niƙa a Sabon Gari. Shekara ashirin yana tsaye cikin ƙurar gari, daga safe zuwa la'asar, har gashin idonsa fari fat. An ce ya ɗaura ƙyalle a hanci, ya ce shi ba amarya ba ne. Tari ya zo, ƙirji ya fara kuka kamar tsohuwar ƙofa. Ya sayi famfon fuka a farmasi, irin wanda ake fesawa a baki, yana ɓoye shi a aljihu kamar abin sata.

Matarsa Rahmatu ce ta matsa har ya je asibiti. Likita ya ce a auna ƙarfin huhunsa. Malamar da ke awon kuwa ba kowa ba ce illa Na'omi, ƴar Toman nan da ya karya. Ta gaishe shi da ladabi, ta yi masa bayani: za a matse masa hanci, ya cika ƙirji, ya hura cikin wani bututu da iyakar ƙarfinsa, na'ura ta nuna iskar da ya fitar.

"Amma Baba, gobe kar ka taɓa famfon nan kahin ka zo. Muna son mu ga huhun yadda yake."

Zakari ya ji, amma da kunnen ɗan kokowa. A wurinsa an kira shi fili ne, kuma a gaban ƴar Toma. Wane ɗan kokowa ne ke shiga fili ba shiri? Washegari ya ɗaura layarsa a damtse, ya laɓe bayan katangar asibiti ya fesa famfo sau huɗu. Na'omi ta tambaye shi, ya ce bai taɓa ba. Ya hura har jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Sakamako ya fito da dama-dama, likita ya ce ciwon bai yi nisa ba, ya dai rage shan ƙura. Zakari ya koma gida yana gaya wa mutane ya ka da na'urar Turawa. Ranar wanka ya ɓoye cibi, kuma ya ɗauka wayo ya yi.

Bayan wata biyu wani mai amalanke, Sha'ibu, ya kawo buhunan hatsi ya ce sai an fara niƙa nasa. Rahmatu ta kawo abinci tana tsaye a ƙofa, Sha'ibu ya ture ta da kafaɗa, kwanon ya kife. Zakari ya shaƙo wuyan rigar Sha'ibu, ya sa masa kai a baki, haƙori ya fita, jini ya ɓata garin mutane. Sha'ibu ya rarumi ƙarfen tayar da inji ya sauke masa a haƙarƙari. Zakari ya ciccibe shi sama kamar yadda ya yi wa Toma, mata suna ihu.

A nan numfashi ya yanke. Ya buɗe baki, iska ta ƙi shiga. Hannuwansa suka saki, Sha'ibu ya zame ya gudu. Zakari ya dafa inji, ya durƙusa, sannan ya kife cikin gari, leɓunansa sun yi baƙi, yana yagar rigarsa da farce. Ba wanda ya sa masa ƙafa. Ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba, tsoron mutuwa a gaban matarsa. Rahmatu ta laluba aljihunsa ta fesa masa famfo, aka ɗora shi a amalanken Sha'ibu zuwa asibiti.

Kwana shida ya yi a gado. Da ya murmure aka sa masa ranar sake awo. Da safe ya miƙa wa Rahmatu famfon, ya cire layar ya ajiye.

Na'omi ta matse masa hanci. "Hura, Baba. Ƙara, ƙara, kar ka tsaya."

Sau uku ya hura, kowane da tari. Layin da ke jikin na'urar ya ɗan tashi ya kwanta. Ta fesa masa magani, aka jira, ya sake. Ya ƙaru kaɗan. Ta ɗauki takardar sakamakon tana dubawa.

"Hwaɗi mani, ɗiyata."

"Rabin abin da ya kamata namiji mai shekarunka ya hitar, Baba. Likita zai ba ka magani na kullum. Amma injin nan, sai dai ka bar shi."

Zakari ya kalli hannuwansa. Ya ce, "Wancan karon ƙarya na yi maki."

"Na yi zato."

"In kin tahi Tsibiri ki gai da babanki. Ki ce mashi an ka da ni."