Mutumin da Ya Riƙe Muryar Mijin Esnart

Kafin masu kayan gwanjo su kwance dilolinsu a kasuwar Chisokone da ke Kitwe, Bashi Nkweto ya riga ya buɗe rumfarsa. Yakan zaro faifan garmaho ɗaya bayan ɗaya, ya goge da wata tsohuwar singileti, ya hure allura, sannan ya sa waƙa ko da mai saye ko babu. Bashi Nkweto a yarenmu na nufin baban Nkweto; sunansa na yanka Lackson Kabamba. Tun ina zuwa kasuwa riƙe da zanen uwata nake ganinsa a wurin nan, ga shi yau ni ma furfura ta cinye ni. A ƙarshen watan nan zai rufe rumfar ya koma wurin 'yarsa a Mansa, don kunnuwansa sun mutu. Babu wanda zai shirya masa taro, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Duk wanda ya girma a unguwar Wusakile ya san Shaft Nine, samarin nan 'ya'yan ma'aikatan ramin haƙar ma'adinai da suka sa jita ta yi ihu a garin nan. Mun ga tashinsu, mun kuma ga yadda cuta ta ɗauke su a jere. Kamfanin da ya buga faifansu ya rushe, kaset ɗin asali suka ɓace. Mutane suka riƙa rufe tulu da faifan, wasu suka ba yara su gara a titi. Bashi Nkweto, kai ne ka bi gida-gida a kan keke kana karɓa. Kai ne kuma ka ɗaura garmaho a bayan keken nan ka je gidan makokin kowane ɗayansu, ka sa masa waƙarsa kafin a fita da shi. Waɗanda suka yi rawa a gabansu a da, ko ƙeyarsu ba a gani ba.

Akwai abin da sai mu maƙwabtan rumfar muka sani. A ƙarshen faifansu na ƙarshe, bayan jita ta yi shiru, ana jin mawaƙinsu, Goodwell, yana dariya, yana cewa, "Esnart, ɗora tukunya, ga ni nan zuwa." Bai san ba a kashe na'ura ba. Esnart matar Goodwell ce, mu muna kiranta Bana Chilufya, wato maman Chilufya, gyaɗa take sayarwa a bakin tasha. Kowace Asabar takan zo ta ajiye tirenta, Bashi Nkweto kuma ya ɗora allura dab da wurin, ba tare da ta roƙa ba. Ta ji, ta ɗauki tire ta tafi. Haka suka yi shekara da shekaru, kuma ban taɓa jin ya yi mata maganar ba.

Amma allura cin faifai take. Wurin nan ya fara sirancewa, muryar tana nutsewa cikin shuu. Bashi Nkweto ya sani, kuma abin yana cin ransa. Don haka da wani kamfani na waje ya zo neman faifansa don a kwafa a sa a kantunan waƙa na intanet, ya miƙa musu da hannu biyu, suka kwafa suka mayar masa. Ya ce mini, "Bashi Mapalo, yanzu ko na mutu, muryar mutumin nan ta tsira."

Ranar da waƙoƙin suka fito, garin ya ɗauka. Direbobin bas suka ƙure murya. Wata mai kitso ta ce, "Ashe kakanninmu ma sun sha hauka, suke mana wa'azi?" Wani dattijo mai gyaran takalma ya ce shi ba zai saurari Goodwell ta cikin wayar da ake kiransa da ita a kan kuɗin haya ba, amma na gan shi da rana ya manna wayar a kunne yana share ido. Waɗanda suka rufe tulu da faifan su ne suka fi kowa cika baki, wai tun asali sun san darajar yaran. Sai da na ji kamar in mari wani.

Asabar ta zo, Bana Chilufya ta zo da sabon ɗankwali. Ni na kunna mata a wayata. Sauti tas, kamar jiya aka buga. Jita ta yi shiru, sai wata waƙar ta shigo.

"Mayar da shi baya, ɗana," in ji ta.

Na mayar. Haka dai.

"To ina ya je?"

'Yan kamfanin sun yanke wurin. A wurinsu hayaniya ce, irin wadda ake gogewa don waƙa ta fito da tsabta. Ba mugunta suka yi ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai, don babu wanda zan kama wa wuya. Bashi Nkweto yana kallon fuskokinmu yana murmushi, yana jiran mu ce masa ta tsira. Sai da na yi masa ihu a kunne ya gane. Ya zauna a kan akwatin faifai.

Na gwada ɗaukar wurin da wayata daga faifan. Abin da ya fito shuu ne da hon ɗin motocin tasha. Mun makara, mu duka, mun bar wa tsoho ɗaya aikin gari guda muna ta wucewa ta gaban rumfarsa.

Bashi Nkweto, mai riƙon amanar matattu, mun gode. Sunanka ba ya jikin ko ɗaya daga waƙoƙin da duniya ke saurare yanzu, alhali daga hannunka suka fito. Ku kuma masu karatu, in akwai tsoho a gidanku, ku ɗauki muryarsa yau, da tarinsa da dariyarsa da kiran da yake wa matarsa. Kada ku tsaya jiran kamfani.

Asabar ɗin da ta wuce Bana Chilufya ta sake zuwa. Ya goge faifan, ya hure allura, ya ɗora a wurin da hannunsa ya haddace. Ina tsaye a gefe, na kasa kunne iya ƙarfina. Ka yafe mini, Baba, amma ban ji komai ba sai shuu.

Ya ɗago ya dube ta. "Bana Chilufya, ya yi magana?"

Ta matso kusa da kunnensa ta ce, "Ya yi, Bashi Nkweto. Har ya yi dariya."

Ya gyaɗa kai ya ɗage allurar. Ita kuwa ta ɗora tirenta a ka, ta ce bari ta je gida ta ɗora tukunya.