Ranar da Yaya Mamman Ya Sauke Min Keke

Bana shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar yayana Mamman, wanda mutanen Zangon Wagadugu suka fi sani da Mamman Meteyo. Ciwon hanta ne ya ɗauke shi, a kan gadonsa, cikin rani. Amma ni ba da rani nake tuna shi ba, sai damina ta yi tsakiya, ƙasa ta ƙoshi har ta fara mayar da ruwan da aka ba ta.

A gidanmu shi kaɗai ya yi nisa a lakwal, wato makarantar boko. Mahaifinmu bafataken goro ne, ya so Mamman ya gaje shi. Shi kuwa ya ƙare a ofishin masu duba yanayi da ake kira Meteyo, kusa da filin jirgi, yana auna ruwan sama yana rubuta gudun iska. 'Yan unguwa kan ce ana biyan sa ne don ya kalli sama. Ba ya tankawa. Mutum ne marar yawan magana, kuma ba zan ce yana da saurin shiga rai ba.

A lokacin da zan ba da labari ina da 'ya'ya biyu, ina ɗinki a ɗakina can gangaren unguwa, bakin babbar kwata. An kwana uku ana ruwa, katangun laka duk sun yi laushi. Da hantsi rana ta fito, mata suka baza shanya. Sai ga Yaya a kan ɗan babur ɗinsa mobilet, a sa'ar da ya kamata a ce yana wurin aiki. Ya ce hadari na tahowa daga gabas da iskar da bai taɓa ganin irinta ba, kafin la'asar zai iso. Rediyo ma ta faɗa cewa na gangare su koma tudu.

"An ce ku tashi," in ji shi, "amma ba a ce da me ba."

A layinmu ba mai mota ko ɗaya. Masu mota suna tudu, inda ruwa ba ya kwana. Mai lafiya zai iya takawa, to, makaho fa, da mai jego, da wanda ya shekara a kwance?

Yaya ya tafi wurin Alhaji Ɗanladi, aminin mahaifinmu, wanda babbar motarsa ta iso daga kudu da safen nan maƙare da huhunan goro. Alhaji da kansa ya ba ni labarin daga baya. Ya ce ya ɗaga kai ya ga sama tas, ya ce, "Mamman, in na sauke goron nan ruwanka bai zo ba, rana ta ɓata shi. In ya zo, ruwa ya ɓata shi."

Yaya ya ce, "Baba, goro wani zai zo."

Alhaji ya sa aka jibge huhunan a zaure har ba wurin wucewa.

Motar na tsayawa a layinmu kowa ya ruga ɗaki. Ni ce ta farko, tunda yayana ne ya kawo ta. Maigidana da wani maƙwabci suka ɗora min keken ɗinkina, wasu suka biyo da katifu da akwatuna da tukwane. Kafin Yaya ya dawo daga zagayen gidaje, motar ta cika. Ya dawo goye da Yaba Tinga, wani tsoho Bamoshe da ya ƙare ƙarfinsa wajen fasa dutse a Pisi, ƙafafunsa suka mutu, yake zaune shi kaɗai a ɗakin bayan namu. A bayansu ga makafi biyu, ga mai jegon kwana huɗu.

Yaya ya ajiye tsohon a gindin katanga, ya hau motar ya fara miƙo kaya ƙasa. "Mai ƙafa ya taka, kaya su koma ɗaki." Mutane na gunaguni har ya kai kan kekena, sai kowa ya juyo yana kallona.

Na ce, "Yaya, da shi nake ci da yaran nan."

Ya ce, "Na sani, Hajo. In na bar naki, da wane baki zan sauke na wani?"

Ya sauke. Sau uku motar ta yi sawu zuwa wata makaranta da ke tudu wajen Kuluba, mu kuma muka bi a ƙafa. An ce sawu na huɗu na kaya ne, iska ba ta bari ba. Muna cikin aji muna kallon kwanon rufi na yawo a sama kamar ganyen masara. Washegari muka tarar da rabin layinmu a ƙasa. Ɗakin Yaba Tinga ya zama tudun taɓo. Nawa ma ya faɗi, azara ta fasa kan keken. A layinmu ba a rasa rai ba. Can ƙasa da mu, inda motar ba ta kai ba, an yi jana'iza, shi ya sa har ya mutu Yaya bai taɓa lissafa ranar nan cikin ranakun nasara ba.

Wata biyu bayan haka Yaba Tinga ya rasu, ciwonsa na da ne ya tashi. A ɗakin mahaifiyarmu na faɗa wa Yaya maganar da har yau nake jin nauyinta. Na ce, "Saboda wata biyu ka raba ni da sana'ata."

Ya ce, "Ba ni na ba shi wata biyun ba, Hajo, ba ni kuma zan karɓe."

Kusan shekara ba na gaishe shi sai a gaban mutane. Na koma ɗinki a shagon wata, ni da nake da nawa. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba. Zumunci ne kawai ya gaji da jiran mu ya ci gaba.

Yau Zangon da muka sani an rushe yawancinsa, an watsa mu bayan gari. In hadari na tafe, saƙo kan shigo wayar kowa. Yaya ba mai yabon zamanin da ba ne, na tabbata da ya ga na'urorin yanzu da ya yi murna kamar yaro. Amma ina jin zai karanta saƙon ya ɗago kai ya sake tambayar nan tasa: a tashi da me. Kuma akwai abin da sai da na tsufa na gane. Samun mota a ranar nan sa'a ce. Abin da ba sa'a ba shi ne yadda ya san ƙofar kowane kwantacce ba tare da ya tambaya ba, domin ya shekara da shekaru yana bin gidajen nan gaisuwa bayan Juma'a. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bai bar gadon gida ba, bai bar suna a kan titi ba, jikokinsa ma ba su san an taɓa kiran sa Meteyo ba. Abin da ya bar min rashin sukuni ne. Daminar bara saƙo ya shigo, na ɗauki sandata na bi ƙofofin sabon layinmu ina sallama. A gidan da muke katanga ɗaya shekara bakwai na tarar da tsohuwa da ta shekara uku ba ta miƙe ba, ban taɓa jin labarinta ba. Surukarta ta tambaye ni ko daga ofishin magajin gari aka aiko ni. Na ce a'a, maƙwabciya ce. Ruwan ma bai zo ba a ranar.

Allah ya jiƙan Yaya Mamman, ya sa ya huta. Yanzu na san mutum huɗu a layinmu da ba za su iya fita da ƙafarsu ba, na kuma kai sunayensu wurin maƙwabcinmu mai babur mai ƙafa uku. Da ya gama rubutawa ya dubi gwiwata, ya dubi sandar. Na ce masa ya bar wuri a ƙasan takardar.