Jan Ruwan Randata

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da aka auna ruwan famfonmu ba. Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma ina da ido, kuma a lokacin da shi nake taƙama.

Shekarar da aka haƙa mana famfo a ƙauyenmu na wajen Takieta, matar ɗana ce ke ɗebo mana ruwa. Kullum in na buɗe randa da la'asar sai in tarar ruwan ya yi ja, da laka kwance a gindi. Farin mayafina ma ya rine. Na je bakin famfo da kaina, na ga ruwa garau. Sai na yanke hukunci: ƙyuya take yi, a tabkin bayan gida take ɗiba don gudun layi.

"Wallahi Inna, daga famfo nake ɗebowa," in ji ta.

"Famfon ne ke haihuwar laka?" na ce.

Na gaya wa ɗana ranar Juma'a za ta koma gidansu a garin Zermu a sake mata tarbiyya. Ta ɗaure kayanta tun Laraba.

Ranar Alhamis wata ma'aikaciyar ruwa ta zo daga Damagaram da 'yar na'ura kamar salula. Na kai mata ruwan randar a ƙwarya, don ta shaida wa mutane na tabki ne. Ta ce mu je famfo tukuna, muka je. Ta tari ruwa garau a 'yar kwalba, ta ɗiga magani, nan take ya koma kamar ruwan goro. Ta sa a na'urar ta duba.

"Inna, ƙarfe ne a ruwanku, kuma kama biyu gare shi. A ƙarƙashin ƙasa narke yake, ido ba ya ganinsa. In ya sha iska sai ya yi tsatsa ya kwanta. Shi ne wannan na ƙwaryarki."

Na ce ban yarda da kwalba ba. Ta yi dariya ta ce, "To ki ɗiba da hannunki, ki tsare shi."

Na wanke ƙwarya sau uku, na tara, na ajiye a gabana ƙarƙashin itacen bedi. Ko kaza ban bari ta matso ba. Kafin a kira la'asar, ina kallo ruwan ya juya ya yi ja.

Na daɗe zaune. Sannan na shiga ɗakin yarinyar, na kwance ƙullin kayanta da hannuna. Na ce, "'Yar nan, na ɗauki alhakinki. Ki yafe mini." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komai, Inna." Amma ta fi wata ba ta yi dariya a gabana ba, kuma ban ga laifinta ba.

Yanzu randa biyu gare mu, ɗaya ta kwantar, ɗaya ta sha. Idona yana nan yadda yake. Sai dai tun ranar, in mutum ya rantse mini, nakan zauna in tsare ƙwaryar tukuna kafin in ce ƙarya yake.